Yadda Aka Killace Kajin Wani Gida a Gefen Garin Argungu

Gidan da wannan nazari ya shafa yana gefen garin Argungu, ta inda unguwa ke gangarawa zuwa fadama. Ginin laka ne mai faɗin tsakar gida, da bishiyar dogon yaro guda, da rumbu, da turken awaki a kusurwa. Kajin gidan na uwar gida ne, dattijuwar da ta gama aurar da 'ya'yanta. Kamar yadda yake a yawancin gidajenmu, da kajin nan take sayen sabulu, da su take kai gudummawar suna, da su take sayen magani idan zazzaɓi ya kama jika. Lokacin da aka zauna shawarar killace su tana da kaji mata 10 da zakaru 3, duk kajin Hausa, ban da 'yan tsaki waɗanda ba ta ƙirgawa sai sun yi fiffike. Ni maƙwabcin babban ɗanta ne, na daɗe ina kiwon kaji, shi ya sa aka sa ni cikin shawarar. Inna nake ce mata, kamar yadda 'ya'yanta ke ce mata.

Ƙyanƙyasa ba ita ce matsalar gidan ba. Kazar Hausa kan yi kwanci kamar sau uku a shekara, kowane karo da ƙwai 10 zuwa 15, kuma bayan kwana 21 mafi yawansu sukan fito. Kaza za ta sauko da 'ya'ya goma a bayanta, kafin wata guda ya cika sai ka gan ta da biyu ko uku. A kan wannan asara aka fara maganar.

Ba wannan ne gwaji na farko ba. Shekara guda kafin nan ɗan nata ya kafa sanduna a kusurwar gida, ya zagaye su da wayar kaji, siririyar nan mai ido kusurwa shida, ya bar sama a buɗe, ya sa ƙyauren langa-langa da ake tokarewa da dutse. Kajin suka yi makonni a ciki lafiya lau. Daren da ruwan sama ya cinye wani gefe na katangar baya, karnukan unguwa suka shigo, suka tura wayar ta ƙasa, suka kashe kaji 7 kafin mutanen gida su farka. Waɗanda ba a taɓa ba su ne masu taurin kan da suka ƙi kejin tun farko suna kwana a kan dogon yaro.

A kan wannan daren na gina duk shawarar da na bayar. Kazar da ke sake tana iya gudu, tana iya tashi ta hau reshe, tana iya kutsawa ƙarƙashin rumbu idan zakara ya yi kukan ganin shirwa. Ranar da ka killace ta ka karɓe mata duk waɗannan, ka kuma tara su wuri ɗaya inda mai farauta ba ya bukatar ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka karɓe mata kiwo, ka karɓe mata zaɓin inuwa. Saboda haka kejin da aka yi rabi da rabi ya fi barin kaji a sake haɗari. Ko dai a yi shi yadda zai maye mata abin da aka karɓe, ko a bar ta da ƙafafunta da fikafikanta.

Wa ke ci, da wane lokaci, ta wace hanya

Kafin a sayi ƙusa ɗaya, an ɗauki makonni ana kallo kawai. Da magariba jikokin gidan suna tankaɗe toka a gindin tsohon akurki, da bakin rariyar da ruwan wanke-wanke ke fita, da kewayen rumbu, da safe a je a duba sawu kafin kowa ya taka. Toka tana nuna abubuwa da yawa. Sawun kare yana fitowa da alamar farce, na kyanwa ko muzuru babu, domin su suna janye faratansu idan suna tafiya. Guza na barin layin wutsiya a tsakiya da zanen farata a gefe da gefe. Ɓera na barin ƙananan sawu a jikin bango, da kashinsa.

Yadda aka yi ɓarnar ma shaida ce. Tsakon da ya ɓace da rana tsaka babu jini babu gashi, daga sama aka ɗauke shi, shirwa ce ko shaho, wani lokaci hankaka. Kaji da yawa a yashe, gashi ko'ina, ba a ci naman sosai ba, aikin kare ne. Cizo a wuya ko a kai cikin dare yana nuna muzuru ko tunku. Ƙwai ya ɓace babu ko ɓawo, to haɗiye shi aka yi, maciji ko guza, in ba ɗan Adam ne ya ɗauka ba. Tsakon da aka gaigaye cikin dare a ƙarƙashin uwarsa kuwa, ɓera ne ko gafiya.

Abin da aka gano a gidan nan shi ne masu ci sun raba lokaci. Da rana shirwa ce ke kwasar 'yan tsaki a fili tsakanin rumbu da madafa, guza kuma na shigowa daga fadama ta rariya, wadda faɗinta ya kai a zura hannu biyu. Da dare ɓeraye ne daga gindin rumbu, da wani muzuru da ke bin saman katanga ya sauko ta reshen dogon yaro. Sau ɗaya an ga kumurci a bayan akurki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar ba ɗaya ba ce: rariya, ramukan ɓera a gindin katanga, reshen bishiya, da sararin sama gaba ɗaya.

Tsohon akurkin laka ma an duba shi da fitila cikin dare. Tsagoginsa cike suke da kaskar kaji, wadda ke ɓuya da rana ta fito shan jini da dare. Shi ne dalilin da wasu kajin suka gwammace bishiya. An yanke shawarar rushe shi.

Inda aka zaɓa

An daɗe ana jayayya a kan wuri, kuma ya cancanci a daɗe. Ɗan nata yana son kusurwar yamma, kusa da turken awaki, don wari ya tsaya gefe ɗaya. Na ƙi wannan saboda nan ne kwarin gidan, nan ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi, yadda ta shanye gonakin shinkafa ta kuma ci gidajen laka, ba sai an yi masa dogon bayani a kan tudu da kwari ba. Ko babu ambaliya, ƙasa mai danshi ita ce gidan tsutsar ciki da zawon jini na 'yan tsaki, kuma ita ke sauƙaƙa wa mai tono aikinsa.

Aka koma jikin katangar gabas. A yankinmu hadari daga gabas yake tasowa da iskarsa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka katanga mai tsayi a wannan gefen kariya ce da ba a biya kuɗinta ba. Illarta ita ce buɗaɗɗen gefen kejin zai fuskanci yamma, ranar la'asar za ta riƙa dukansa. A nan dogon yaron ya yi amfani, domin yana yamma da wurin, inuwarsa na faɗawa kansa daga azahar zuwa yamma.

Ina so in tsaya a kan zafi, domin masu gina keji sukan cika tunanin muzuru su manta da rana. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, kuma ba ta da hanyar sauke shi sai haki da buɗe fikafikai da kwanciya a ƙasa mai sanyi. A watan Afrilu da Mayu zafin Argungu yakan haura digiri 40. Kazar da ke sake takan tona rami a gindin randa ta kwanta. Wadda aka rufe ƙarƙashin gajeren kwano babu iska, rana guda ta isa ta kashe ta, kuma ba za a ga sawun kowa a toka ba. Don haka bishiyar da muzuru ke bi ba a sare ta ba, duk da an ba da wannan shawarar. An datse rassan da suka taɓa katanga da waɗanda za su rataya a kan rufin, aka bar sauran.

Girma da fasali

An sayar da zakaru biyu aka bar ɗaya. Zakara guda ya ishi kaji goma, kuma zakaru uku a wuri killatacce faɗa za su yi ta yi har su ji wa matan rauni. Ma'aunin da masu kiwo suka saba amfani da shi shi ne kowace kaza ta samu murabba'in ƙafa 10 a farfajiya, da uku zuwa huɗu a ɗakin kwana. Kaji 11 ke nan suna bukatar 110. An yi farfajiyar ƙafa 15 a tsawo, 10 a faɗi, wato 150, don matasan da za su taso su samu wuri. Ɗakin kwana, ƙafa 10 da 4, an gina shi ya toshe gefen arewa baki ɗaya. Da wannan tsarin katangar gida ta rufe gabas, ɗaki ya rufe arewa, sai yamma da kudu kaɗai ke bukatar raga, ƙafa 25 ke nan maimakon 50. Rabin kuɗin waya ya tsira tun a kan takarda.

Daga nan tunanin ya rabu biyu, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan aikin. Farfajiya ta rana ce: aikinta ta hana shirwa, kare, muzuru da guza. Ɗakin kwana na dare ne: aikinsa ya hana komai, har ɓera da maciji. Rufe farfajiya duka da raga mai ƙananan ido ya fi ƙarfin aljihun gidan, amma rufe ɗaki mai ƙafa 10 da 4 bai fi ba. Kaza ba ta gani sosai cikin duhu, ba ta gudu, ba ta kare kanta, don haka inda take kwana shi ya fi cancantar kuɗi.

Ɗakin an yi shi da bulo, an daɓe ƙasa da siminti, an shafe bangon ciki sumul an yi masa farar ƙasa don kada kaska ta samu maɓoya. Tagogi biyu masu faɗi, ɗaya yamma ɗaya cikin farfajiya, da wata siririya a sama ta arewa wadda ake rufewa da buhu lokacin hunturu. Dukkansu an sa musu raga mai walda a kowace mahaɗa, mai ido rabin inci. Wannan ma'aunin ba ado ba ne. Ɓera na ratsa ramin da bai kai inci ɗaya ba, macijin da kansa ya shiga kuma jikinsa zai bi. Wurin da aka fi mantawa shi ne tsakanin saman bango da kwano, inda lanƙwasar kwanon ke barin ramuka a jere. An cike su da siminti ɗaya bayan ɗaya. Sandunan kwana biyu ne, kowace ƙafa 5, an ɗaga su kamar ƙafa biyu da rabi daga ƙasa, kowace kaza ta samu kamar taki ɗaya. Wurin ƙwai kuwa tsofaffin tukwanen laka aka kwantar a gefe. Masu kiwon kajin gidan gona sukan ba kaji huɗu ko biyar gurbi ɗaya, amma kazar Hausa idan ta hau kwanci ta mallake gurbin mako uku, don haka aka sa biyar.

A farfajiya, kuɗin ya tafi ƙasa ne. An haƙa tushe zurfin ƙafa ɗaya a yamma da kudu, aka ɗora bulo layi biyu a saman ƙasa. An cike ciki da burji aka daɓe har ya fi tsakar gida tudu da taki ɗaya, sannan aka baza ɓuntun shinkafa, wanda a garin nan ba a wahalar samunsa a bakin injin casa. Gindin katangar laka, inda ɓeraye suka yi ramuka, an toshe shi da tsakuwa aka yaɓe da siminti har tsayin gwiwa. Rariyar kuma mai walda ya yi mata ƙarfe a jere, aka ɗora raga a kai, ruwa na wucewa guza ba ya wucewa. Wanda ba shi da kuɗin bulo akwai wata dabarar: a shimfiɗa raga a ƙasa ta waje, faɗin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, a ɗinke ta da gindin shingen, a rufe da ƙasa da duwatsu. Mai tono a gindin shinge yake fara tono, idan ya ci karo da waya ba ya tunanin ja da baya ya fara daga nesa. A nan ba a bi wannan hanyar ba ne saboda ƙasar kusa da fadama na saurin sa waya tsatsa.

A kan bulon aka ɗora raga mai ido rabin inci tsayin ƙafa 3, daga nan zuwa sama ƙafa 2 na raga mai kauri amma mai manyan ido. Jimla ƙafa shida da rabi, tsayin da babba zai shiga ya yi shara ba tare da ya duƙa ba. Kejin da sai an rarrafa ake shiga, ba a share shi. Ginshiƙan azara aka kafa, domin gara ba ta cin giginya kamar yadda take cin katakon kasuwa, aka shafa baƙin mai a ɓangaren da ke shiga ƙasa. Wajen kafa ragar, kafintan ya huda marafan kwalbar lemo ya riƙa bin ƙusa ta cikinsu, don kada waya ta zame ta kan ƙusa idan an tura ta. Inda raga biyu suka haɗu an ɗora ɗaya kan ɗaya kamar inci uku aka ɗinke da wayar ɗauri. Ƙofa tana buɗewa waje, tana zaune a kan dokin ƙofa na bulo, ba a bar ratar da yatsa zai shiga ba. Sakata biyu, sama da ƙasa, da kwaɗo, domin ɓarawon kaji mai ƙafa biyu ma yana cikin lissafi, musamman idan Salla ta matso.

Lokacin da kuɗi ya gaza

Kuɗin aikin daga adashinta ne da na zakarun da aka sayar da abin da 'ya'yanta suka haɗa, kuma bai kai ƙarshe ba. An gama ɗaki, an gama bulo, an sa ragar ƙasa, sai ya rage ta sama da rufi. Kafintan, da kyakkyawar niyya, ya ce mata: "Hajiya, a ƙarasa da wayar kajin nan ta bara a zuba su, daga baya a canja." Ita da kanta ta ƙi. Ta ce masa, "Malam, wayar nan ita ta ci mini kaji bakwai." Kajin suka ci gaba da yawo da rana kamar da, da magariba a kaɗa su ɗaki a sa sakata. Sai da aka yi kwanaki ana sauko da masu hawa bishiya da hannu bayan duhu ya yi kafin su saba.

Wannan jinkirin ya koyar da abin da ba a shirya koya ba. Daga ranar da aka fara rufe ɗakin, ba a ƙara rasa babbar kaza cikin dare ba, alhali farfajiyar ba ta ma kammala ba. Da wani zai ce mini kuɗinsa na abu ɗaya ne kawai, zan ce ya gina ɗakin kwana. Na biyu shi ne kejin 'yan tsaki, wanda aka yi a wannan tsakanin da ragowar raga: akwati mai ƙafa 4 da 3, raga rabin inci a kowane gefe har sama, ana ajiye shi a inuwa da rana a shigar da shi ɗaki da dare. Uwa da 'ya'yanta na zama a ciki mako huɗu zuwa shida, lokacin da shirwa ta fi ɗaukarsu. A kaskon ruwansu an zuba tsakuwa don kada tsako ya faɗa ya nutse.

Rufin farfajiya shi ne inda aka yi sassauci da sani. Kashi ɗaya cikin uku, wanda ke jikin ɗaki, an rufa shi da kwano don abinci da ɓuntu su tsira daga ruwa. An so a ɗora zana a kan kwanon don rage zafi, aka fasa, domin tsakanin zana da kwano wurin zaman ɓera ne da abin da ke bin ɓera. Sai aka riƙa rataya zanar a gefen yamma lokacin bazara kawai. Sauran rufin, tunda garin masunta ne, tsohon taru aka samo a wurin wani Basarke aka ɗaure shi tamau a kan azara. Taru na hana shirwa da hankaka, wannan babu shakka. Ba ya hana muzuru idan ya nace, kuma rana na cin zarensa. An san haka aka sa shi, bisa sharaɗin cewa babu kazar da za ta kwana a farfajiya.

Abin da ya biyo baya

Damina ta wuce a kan kejin, hunturu ya wuce, bazara ta wuce. Ruwa bai kwanta a ciki ba. Karnuka sun sake shigowa gidan, an ga sawunsu a gindin bulon, ba su samu komai ba. 'Yan tsaki kuwa, kazar da ta fito da goma yanzu takan raini bakwai ko takwas, har wurin ya fara yi musu kaɗan. Amma abubuwa uku sun taso, kuma biyu daga ciki killacewar ce ta haifar da su.

Na farko abinci ne. Da suna sake, kajin na samun fara da gara da tsutsa da ɗanyen ganye ba tare da kowa ya lura ba. Da aka rufe su aka ci gaba da ba su dusar shinkafa da tsakin gero kamar da, sai ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, suka fara fige wa juna gashin baya. Dusa kaɗai ba ta riƙe kazar da ba ta kiwo. Aka fara haɗa musu da tunkuza da garin ƙananan busasshen kifi da ganyen zogale, ɓawon ƙwai kuma a gasa shi a daka a zuba musu daban. Babbar kaza mai ƙwai na cin kusan giram 110 zuwa 120 a rana, ta Hausa ƙasa da haka, ruwa kuwa a bazara takan ninka abin da take sha. An ajiye musu kaskon laka biyu a inuwa ana sabunta ruwan safe da azahar. An kuma cika tsohuwar taya da yashi da toka don birgima, wadda ke rage musu ƙuma. Bayan la'asar, idan akwai babba a tsakar gida, ana buɗe wa manyan su yi kiwo har magariba. Wannan duk ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi a kan Inna, kuma ya kamata duk mai shirin killace kaji ya sa shi a lissafi tun kafin ya sayi waya.

Na biyu cuta ce. Kaji a haɗe wuri ɗaya, abin da ya kama ɗaya ya kama duka. Annobar da ke share kajin ƙauye lokacin hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato na yin rigakafinta mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu, kuma shi malamin dabbobi ya zo ya yi musu kafin sanyi ya shigo. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya, a Jihar Kaduna, ake jan hankalin masu kiwo su raba kajinsu da tsuntsayen daji, kuma gidan da ke bakin fadama ya fi kowa bukatar jin wannan. Abinci da ruwa a ƙarƙashin kwano suke, inda kashin tsuntsun da ya sauka a dogon yaro ba ya faɗawa.

Na uku maciji ne. Wata kaza ta ƙi tukwanen ta riƙa yin ƙwai a farfajiya, bayan wata garwar dusa da aka ajiye a kusurwa. Ƙwan ya fara ɓacewa, ranar nan aka ga kumurci a naɗe a bayan garwar. Ta ragar sama mai manyan ido ya shigo. Allah ya kiyaye, jikar da ke ɗebo ƙwai ba ta kai hannu ba. Maƙwabta sun kawo shawarwari, a zuba kananzir, a yayyafa baƙin mai, a shuka taba. Ban yarda a dogara da ko ɗaya ba. Maciji ɓera yake bi da ƙwai, ɓera kuma dusa yake bi. Aka fitar da garwar, aka mayar da dusa cikin duro mai murfi nesa da kejin, ana kwashe ragowar abinci da magariba, ana ɗebe ƙwai safe da yamma, aka share ciyawa da tarkacen da ke bayan katanga. Gubar ɓera ba a sa ba, domin kaza na iya cin ta ko ta ci mushen, ga kuma yara. Tarko aka ɗana cikin akwati mai ƙaramar ƙofa. Yaran gidan an hana su zura hannu cikin tukunya ba tare da sun haska ba, an kuma gaya musu idan kumurci ya tofa wa mutum dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti.

Tarun ya kai bazarar da aka yi tsammani, sannan ya fara tsinkewa ta gefen kudu inda rana ta fi dukansa. An yi masa faci sau da yawa, kuma muzurun ya riga ya gano hakan, don an gan shi a kan katanga yana gwada shi da hannu. Shirin da ake kai yanzu shi ne idan an sayar da matasan zakaru da Salla, a sayi raga mai kauri a maye gurbin tarun, a kuma ƙara mai rabin inci a kan ta sama ta gefen kudu, inda macijin ya bi. Akwai kuma ƙaramin keji da ake son yi can kusa da zaure, domin duk kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta ta yi aƙalla mako biyu ita kaɗai kafin a haɗa ta da sauran.